Ɓerayen Radiya da Cikin Falalu

A ƙasar Falanko babu ciwon da ya kai basir farin jini. Ciwon baya basir ne, kasala basir ce. Mutum ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai a dube shi a ce basir ne ya ci ƙarfinsa, a aika kasuwa a sayo masa jiƙo cikin tsohuwar kwalbar lemo. Shi ya sa da Zalika ta aika wa Radiya, ƙanwar mijinta, saƙon murya cewa mijin nata Falalu ya fi wata huɗu yana ganin jini in ya zagaya, sai ta ƙara da cewa, "Amma dai basir ne," don kada hankalinta ya tashi.

Hankalin kuwa ya tashi. Radiya ta saurari saƙon sau uku tana tsaye cikin ɗakin ɓeraye, a wani gidan bincike a ƙasar Faransa inda ta shekara bakwai tana aiki. Haka aka ce da mahaifinsu Malam Idrisa, basir ne, har ranar da aka kai shi makwancinsa bai cika shekara hamsin ba. Kafin ta hau jirgi sai da ta kira wani likita a Damagaram wanda suka yi lakwal, wato makarantar boko, tare, ya ba ta randebu, wato lokacin ganin likita, ranar Alhamis ta mako mai zuwa: a kawo Falalu a duba hanjinsa da kamara. Ta iso gida ranar Juma'a a bayan babur na haya. Motar Tanut kuwa, wadda ke wucewa da mutane har Damagaram, ranar Talata kaɗai take bi ta garinsu, saboda haka kwana huɗu ne a hannunta ta shawo kan yayanta, mutumin da a iya saninta ba a taɓa shawo kansa a kan komai ba.

Ta same shi a bayan gida wajen rumbu. Lokacin kaka ne, an gama yankan gero, dammuna jingine da darni suna jiran a zuba su. Falalu na durƙushe yana liƙe ramukan gindin rumbun da laka.

"A'a! Mai kiwon ɓera ta sauka!" ya ce, yana dariya. "Kin zo a daidai. Ga ƴan uwan naki nan sun hana ni sakat. Ki yi musu magana da Faransanci, wataƙila su ji."

Ta yi dariyar ita ma, don sunan ya daɗe da bin ta a garin. Amma da ya miƙe sai ta daina dariyar. Falalun da ke ɗaukar dami biyu a kai ya tafi yana waƙa, yau sai da ya dafa rumbu ya tashi, wandonsa ɗaure da igiya an zagaya sau biyu. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar Baba.

Ba ta tayar da maganar a ranar ba. Sai da safe, bayan ya sha kunu kurɓi uku ya ture ƙwaryar, ta zauna a gefen tabarmarsa. Maganar bayan gida tsakanin ƙanwa da yayanta ba ƙaramin nauyi ba ce, shi ya sa ta biyo ta kan ɓerayen.

"Yaya, ka san abin da nake yi da su kuwa?"

"Kina ba su abinci, ana biyan ki. Wallahi Turawa na da abin mamaki."

"Gida biyu nake da su, baƙaƙe da farare. Abincinsu ɗaya, ruwansu ɗaya, ɗakinsu ɗaya. In muka ba su wani magani mai taɓa hanji, gida ɗaya sai tsiro ya cika musu ciki, ɗayan gidan kuwa da ƙyar ka sami mai tsiro ɗaya ko biyu. Ba abincin ba ne, Yaya. Abin da suka gada ne wurin iyayensu."

"To, Allah ya ba su lafiya," in ji Falalu.

"Mutane ma akwai dangin da suke haka. Ina jin muna cikinsu."

Nan ya sha toka, ya dubi wajen madafa inda Zalika ta sunkuyar da kai tana ta goge tukunyar da ta riga ta goge. Ya gane wanda ya kai labari.

Radiya ba ta bari ya huce ba, ta fito da abin da ba ta taɓa gaya wa kowa a gida ba. Shekara biyu da suka wuce ita da kanta ta je aka duba ta da kamarar, aka sami ƴan tsiro biyu ƙanana kamar ƙwayar wake, aka cire su nan take, ta koma aiki washegari. Ta ɗauka wannan zai karya shi. Ina! Falalu ya ce ai dole, mutumin da ya shekara bakwai yana cin abincin gwangwani bai ga furar kirki ba, komai ma zai tsiro masa a ciki.

"Ki ji, Radiya. Ni basir gare ni, kuma ina shan magani, wurin mutumin nan mai lasifika na kasuwar Belbeji. Ba zan bar gerona a waje in je in kwanta ƙatti su zura mini waya ta inda ba a faɗa ba. Gado kika ce? Baba kaɗai ne ya yi ciwon ciki a gidan nan, shi ma kowa ya san da hannun mutane a ciki. Mutum ɗaya ba gado ba ne. Ki kawo mini na biyu a danginmu, mutum ɗaya tak, in shiga motar."

Ya faɗi haka ne don ya rufe maganar. Bai san ya buɗe mata ƙofa ba, don Falalu duk taurin kansa ba ya cin alkawari, kuma Radiya ta san da haka.

Ta sa takalmi ta shiga gari da ɗan littafinta. A wurin aikinta kowane ɓera da takardarsa, an san uwarsa da kakarsa har baya goma, an san abin da ya kashe kowanne. A garinsu kuwa ta tarar mutum ba ya mutuwa da ciwo, da ajali yake mutuwa. Me ya kashe Kaka Yagana, mahaifiyar Baba? Kwana ne ya ƙare. Gwaggo Habiba fa, wadda ta rasu a gidan aurenta a Belbeji da ƙuruciyarta? Ciwon mata ne, Allah ya jiƙanta. In ta matsa, sai a dube ta kamar ta tambayi abin da ke cikin kabari, a ce mata, "Ke dai ki yi musu addu'a." Majon asibitin garin, wato babban ma'aikacin jinya, ya buɗe mata tsofaffin littattafansa da kyakkyawar niyya, amma babu sunan ko ɗaya daga cikinsu, don ba a kai su can ba. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, littafin nata babu komai sai sunaye da alamar tambaya.

Ranar Litinin da hantsi Zalika ta same ta a gindin bishiyar bedi tana ta cizon biro.

"Kina ta tambayar waɗanda suka ji labari," Zalika ta ce a hankali. "Ki tambayi wadda ta gani mana. Duk macen da ta rasu a dangin nan, Gwaggo Balki ce ta wanke ta. Har Belbeji aka ɗauke ta ta wanke Gwaggo Habiba."

Gwaggo Balki ita ce autar su Baba, kuma ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Shekara talatin ke nan ita ke wankan gawar mata a garin da ƙauyukan kewaye, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ita ta goyi Falalu ta goyi Radiya. Radiya ta same ta a inuwar rumfa tana tsinkar yakuwa. Ta kai mata sabulu da dabino, Gwaggo ta sa albarka ta ajiye dabinon a gefe, ta ce azumin Litinin take yi.

Radiya ba ta yi kwana-kwana ba, ta faɗi abin da ke tafe da ita. Hannun Gwaggo ya tsaya cak a kan yakuwar.

"Ɗiyata, kin san abin da kika tambaye ni?"

"Na sani, Gwaggo."

"Ba ki sani ba. Ranar da aka fara sa ni wannan aiki, tsohuwar da ta koya mini ta ce, Balki, wadda ke kwance gabanki ba ta iya jan zane ta rufe kanta, ke ce zanenta. Abin da idona ya gani a ɗakin nan, a ɗakin yake zama. Ko mijin mace ban taɓa gaya wa ba. Shi ya sa mata ke yin wasiyya a kira ni."

"Su sun riga sun tafi, Gwaggo. Yaya Falalu yana raye!"

"Don sun tafi ne ma ba zan faɗa ba. Mai rai ana neman izninsa. Su wa zan tambaya?"

Ran Radiya ya ɓaci. Ta yi roƙo, ta yi magiya, ta ambaci goyon da Gwaggo ta yi wa Falalu. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma motsa daga inda take ba. Can sai ta ce, tana ci gaba da tsinkar ganyenta, "Ɓerayen nan naki, ta ina abin yake fara musu?"

Radiya ta share ido. Da haushinta da komai, tambayar aikinta ba ta wuce ta. Ta ɗauki tsinke ta zana a ƙasa.

"Cikin hanji akwai ƴan ramuka ƙanana da ido ba ya gani. A gindin kowane rami akwai wasu ƙwayoyin halitta, mu iyaye muke ce musu, su ke haifar sabuwar fatar hanji duk bayan ƴan kwanaki, tsohuwar ta zube. In uwa ɗaya ta sami lahani, duk abin da ta haifa da lahanin zai fito. Jiki yakan gyara irin wannan. Amma akwai dangin da gyaran nasu ba shi da ƙarfi, to a nan tsiro ke farawa. Aikina ke nan, in yanka hanjin ɓera in duba ramukan ɗaya bayan ɗaya in ga nawa ne suka lalace a kowane gida."

"In yana ƙarami ana cire shi?"

"Kamar yadda aka cire nawa. Ko ya ɗan girma ana yin aiki mutum ya tashi."

"In ya yi tauri har hannu na jin shi daga waje fa?"

"Wannan kam an makara sosai," in ji Radiya, tana tattara littafinta. "Shi ya sa nake gaggawa da Yaya, tun bai kai nan ba."

Gwaggo ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya kyauta. Radiya ta fito tana jin ta fi kowa sanin abin da ke faruwa a duniya, kuma an hana ta amfani da shi. A hanya ta yanke shawara. Gobe za ta tsayar da motar a ƙofar gida ko ta halin ƙaƙa, in ya ƙi shiga ta sallami direba ta zauna, ta kira Damagaram a sake ba ta wata rana, ta kira Faransa ta ce su nemi mai ba ɓeraye abinci. Ba za ta bar garin nan ba sai da Falalu, ko da za ta kai damina.

Talata da safe motar ta tsaya, tsohuwar Hilux cike da buhunan wake da awaki biyu a baya. Direban ya ce minti goma zai ba su. Falalu kuwa yana kan tsani a bakin rumbu, Zalika na miƙa masa dammuna, yana karɓa yana haki.

"Ina na biyun?" ya tambaya daga sama, ba tare da ya waiwayo ba.

"Ban samu ba, Yaya."

"To ki gai da mutanen Damagaram."

A lokacin ne Gwaggo Balki ta shigo ta ƙofar darni, sanye da mayafinta na zuwa unguwa, da ƙunshin kaya a hammata. Ta tsaya a gindin tsanin.

"Falalu, sauko."

Falalu na iya yi wa duk duniya gardama, amma ban da matar da ta goye shi. Ya sauko yana karkaɗe ƙaiƙayi daga riga, ya rusuna zai gaishe ta. Ba ta amsa gaisuwar ba.

"Na wanke uwata, na wanke Habiba. Abin da na gani tsakanina da Allah ne, kuma da shi za a rufe ni. Amma ni ban mutu ba tukuna, jikina kuwa nawa ne, ba sai na nemi iznin kowa ba. Kawo hannunka."

Ta kama hannunsa na dama, ta ɗora a kan cikinta ta saman zane, ƙasa da cibiya ta gefen hagu, ta danna da ƙarfi. Radiya na tsaye tana kallon fuskar yayanta, ta ga lokacin da yatsunsa suka sami abin. Ya so ya janye hannun, Gwaggo ta riƙe.

"Ka ji shi? Kamar goriba. Shekara guda ke nan da wata biyu ina ganin jini. Ni ma basir na ce. Kwalbar da kake sha, irinta goma sha ɗaya na shanye, wurin mutumin nan naka mai lasifika. Mutum na biyu ka ce a kawo maka, ga ni."

Radiya ta dubi gwaggonta. Jiya-jiyan nan ta zauna gaban matar nan, ta ga dabinon da aka ajiye a gefe, ta ga wuyan hannun da ya zama kamar kara, an tambaye ta in ya yi tauri fa, ita kuma ta amsa tana tattara littafi kamar tana gaban ɗalibai. Shekara bakwai tana gane lahani a ramin da ido ba ya gani, ga gwaggonta zaune a gabanta da rana tsaka ba ta gan ta ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, hawaye suka zubo mata.

"Gwaggo, ki yafe mini, abin da na ce jiya..."

"Gaskiya na tambaye ki, gaskiya kika ba ni. Share hawayenki, ba yau ce ranarsu ba." Ta juya ga Falalu. "Ni zan shiga motar nan, don ɗiyata ba za ta bar ni ba yanzu. Amma in ba ka shiga ba, wallahi ƙafata ba za ta taka ta ba. Zaɓi ya rage naka."

Direba ya danna oda. Falalu ya dubi dammunan da suka rage a jingine, sun fi arba'in. Ya dubi hannunsa, kamar har yanzu abin na cikin tafinsa.

"Zalika," ya ce, "ki gaya wa Audi maƙwabcinmu ya zuba mini sauran. Ya liƙe gindin da kyau, saboda ɓeraye." Ya shiga ɗaki ya fito da hularsa.

A Damagaram aka sami tsiron Falalu ya girma amma bai bazu ba. Aka tura shi Yamai, babban birnin ƙasar, aka yi masa aiki, aka yanke wani yanki na hanjin, ya dawo gida kafin zafi ya shigo, yana tafiya a hankali yana ba kowa labarin kamarar kamar shi ya ƙirƙiro ta. Na Gwaggo kuwa likitan bai daɗe yana dubawa ba. Ya ba ta maganin rage zafi, ta ce a mai da ita ɗakinta. Radiya ta ƙara hutu, ta sake ƙarawa, ta zauna da ita.

Ana saura kwana uku ta cika, Gwaggo ta kira ta da hantsi, ta sa ta zauna kusa.

"Ke za ki wanke ni. Zalika ta zuba miki ruwa, na koya mata yadda ake yi."

"To, Gwaggo."

"Kuma ni na ba ki izni tun ina da bakina. Abin da kika gani a jikina, kada ki rufe. Ki gaya wa duk wanda ya haɗa jini da ni, da sunan ciwon, ba basir ba, ba ajali ba. Kin ji ko?"

"Na ji."

Ranar da aka yi rasuwar, gidan ya cika da mata tun daga Tanut har Belbeji, don babu gidan da Balki ba ta taɓa shiga da ƙwaryar wanka ba. Radiya ta yi wankan yadda Zalika ke nuna mata, a hankali, ta dama kafin ta hagu, ta rufe duk abin da ake rufewa. Da maza suka ɗauki makara suka fita, sai ta fito tsakar gida, hannun rigarta a jiƙe har gwiwar hannu. Mata suka yi tsit, don an saba mai wanka takan fito ne ta wuce kai a ƙasa ba ta ce wa kowa komai ba.

Radiya ba ta wuce ba. Ta tsaya a tsakiyarsu, ta dubi kusurwar da baƙin Belbeji ke zaune.

"Ina ƴaƴan Gwaggo Habiba?" ta ce. "Raishatu, Ummu, ku matso kusa. Gwaggo Balki ta bar muku saƙo, kuma ta ce in faɗe shi da ƙarfi."